Zan je Houston taro, ina so in gwada harbi a gidan koyon harbi: me ya kamata in sani?

Baƙon Houston

Assalamu alaikum jama'a. In Allah ya yarda zan je Houston a watan Mayu, taron OTC na masu harkar man fetur, kuma akwai yini guda da ba ni da komai a cikinsa. Ina so in je irin gidajen nan da ake ba da hayar bindiga a yi harbi a cikin gini, mai koyarwa yana tsaye kusa da mutum. Ban taɓa riƙe bindiga ba. Fasfon Najeriya gare ni, da bizar B1/B2. Shin baƙo irina an yarda ya yi? Da wace bindiga sabon shiga zai fara, harsashi nawa zan saya, kuma wane kaya zan sa? Mai yiwuwa da maiɗakina za mu je, don haka abin da ya shafi mata ma a taimaka a faɗa. Na gode.

Mai Bin Ka'ida

Wa alaikumus salam. Malam, ajiye maganar wace bindiga tukuna, bizar da ka ambata ita ce abin dubawa na farko.

Dokar tarayyar Amurka, kundi na 18, sashe na 922(g)(5)(B), ta hana duk wanda ya shigo ƙasar da bizar zaman wucin gadi ya kasance da bindiga ko harsashi a hannunsa. B1/B2 tana ciki, bizar ɗalibai F-1 tana ciki, ta aiki H-1B ma haka. Ba sai ka saya ba. Karɓar haya ka riƙe ka harba ma yana shiga ƙarƙashinta. Mai katin zama na dindindin hanin bai shafe shi ba, haka wanda ya shigo ba da biza ba ta tsarin ESTA, kamar mai fasfon Birtaniya. Najeriya da Nijar da Gana ba sa cikin wannan tsari, saboda haka mu ya shafe mu kai tsaye. Hukuncin kuma ba wasa ba ne, tun 2022 yana iya kaiwa ɗaurin shekara 15, ban da asarar bizar.

Kada wani ya ce maka ai a gidan harbi ne kawai. Shari'ar Rehaif da ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 2019 daga gidan harbi ta samo asali: ɗalibi ne ɗan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a Florida, makaranta ta sallame shi, izinin zamansa ya faɗi, ya je gidan harbi ya harba bindigogi biyu, aka gurfanar da shi aka same shi da laifi. Kotun Ƙolin ta soke hukuncin ne bisa cewa dole gwamnati ta tabbatar ya san matsayin zamansa. Ba ta ce harbi a gidan haya ba riƙe bindiga ba ne.

Akwai mafita, kuma doka ce ta ba da ita a sashe na 922(y)(2). Wanda ke da lasisin farauta mai aiki, wanda wata jiha ta Amurka ta bayar, ya fita daga hanin. Ba sai ka yi farautar ba, lasisin ne abin nema. A Texas hukumar Texas Parks and Wildlife Department ke bayarwa, ana saye ta intanet ko a manyan kantunan kayan wasanni. Suna da na baƙi waɗanda ba mazauna jihar ba, har da na kwana biyar a jere. In na kwana biyar ɗin za ka ɗauka, ka tabbata ranar da za ka je harbi ta faɗo cikin kwanakin. Kuma kowa da nasa: lasisinka ba ya rufe Hajiya. Sashen ya kuma ambaci wanda aka shigar da shi ƙasar domin farauta ko wasan harbi, amma kai da ka gaya wa ofishin jakadanci taro za ka, ban ga yadda za ka jingina da wannan hankali kwance ba.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne gidaje da yawa fasfo kawai suke dubawa su miƙo maka bindiga. Yaron kanta ya yarda ba yana nufin doka ta yarda ba, kuma in magana ta taso kai za a tambaya.

Ka buga musu waya kafin ka tafi. Tambaye su ko suna karɓar mai fasfon waje da lasisin farauta, ko suna da darasin sabon shiga da mai koyarwa, da kuma ko suna ba mutum ɗaya haya. Wannan ta ƙarshen tana da dalili: gidaje da yawa ba sa ba wanda ya zo shi kaɗai kuma bai zo da bindigarsa ba, saboda gudun masu zuwa su kashe kansu. Zuwa ku biyu, ko yin rajistar darasi, yakan warware wannan. Da yawa kuma sai ɗan shekara 21 suke ba hayar ƙaramar bindiga. Za a ba ku takarda ku cike ku sa hannu. Karanta ta, kada ka rubuta abin da ba haka yake ba.

Baƙon Houston

Ikon Allah. Ban san da wannan ba sam, Allah ya saka da alheri. Lasisin za mu nema mu biyu. To in an shiga fa?

Tsohon Maharbi

Ɗan'uwa, darasin sa'a ɗaya da mai koyarwa za ka biya, ba hayar layi kawai ba, wato gurbin da mutum ke tsayawa ya yi harbi. Ka je da safe a ranar aiki, lokacin ba cunkoso, kuma ka roƙi a ba ku layi nesa da masu manyan bindigogi. Ƙarar maƙwabci ita ke fara firgita sabon shiga tun bai harba nasa ba.

Ka'idoji huɗu za su fara karanta maka, ka je da su a ka. Kowace bindiga ka ɗauke ta a ɗane take, ko an ce maka babu komai ciki. Bakinta ba ya kallon abin da ba ka yarda ya lalace ba, wanda a can yana nufin kullum yana kallon gaba wajen allon harbi. Yatsa ba ya shiga wajen kunama sai ka gama saiti, kafin nan yana miƙe a gefen jikin bindigar. Sannan ka san abin da kake harbi da abin da ke bayansa. Ta biyun ce aka fi karyawa, kuma ga yadda take faruwa: mutum ya yi harbin farko, daɗi ya kama shi ko tsoro, ya juyo zai yi wa na bayansa magana, bindiga ta juyo tare da shi. In za ka juya, ajiye ta a kan teburin da ke gabanka tukuna. In ka ji an ɗaga murya an ce "cease fire", cire yatsa, tsaya cak, jira umarni.

Fara da bindiga mai cin ƙaramin harsashin da ake kira .22 LR. Kan harsashinta nauyin giren 40 ne, wajen giram biyu da rabi, shurinta kaɗan, ƙararta da sauƙi. Ruger Mark IV ko makamanciyarta ta isa. In hannunka ya zauna sai ka koma 9mm, harsashin da ya fi shi ƙarfi, a babbar fistol irin Glock 17, wadda gidan harsashinta ke cin 17. Kada ka zaɓi 'yar ƙarama mai shiga aljihu kana zaton ita ce mai sauƙi. Harsashin ɗaya ne, amma da yake ba ta da nauyin da zai shanye shurin, kuma mariƙinta gajere ne, duk dukan a tafin hannu yake sauka. Wannan kuskure mata aka fi yi wa, a miƙa musu ƙarama wai don hannunsu ƙarami ne.

Harsashi kwali ɗaya 50 ne. Kwali ɗaya na .22 kowannenku, sannan kwali ɗaya na 9mm ku raba, ya wadatar. Bayan haka hannu ya gaji, sai ɓarna. Bindigar haya da harsashin gidan ake harba ta, ba a shigowa da na waje. Kuɗin kashi-kashi yake zuwa: layi, hayar bindiga, harsashi, takardar saiti, tabarau da marufin kunne, mai koyarwa, sai haraji a kai. Ka nemi jimla tun a waya, ka kuma ware ɗan ihsani ga mai koyarwa, al'adarsu ce.

Kafin komai gano idon da ke jagora. Miƙe hannuwa biyu, haɗa su ka bar 'yar kafa a tsakiya, leƙa wani abu mai nisa da ido biyu a buɗe, sannan rufe ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin bai gushe masa ba shi ne jagora. Akwai na-dama da idon hagu ke masa jagora, in kai ne ka gaya wa mai koyarwa.

Tsayuwa: ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan sake, ƙirji ya ɗan rinjaya gaba. Sababbi baya suke kwantawa don su nisanta fuska da bindiga, shuri kuwa sai ya ƙara tura su. Riƙo shi ne inda aikin yake. Hannun dama ya hau can saman mariƙi, fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ta matse a ƙarƙashin ɗan tudun baya. Hannun hagu ya cike gurbin da ya rage a mariƙin, yatsunsa huɗu su naɗe kan na dama, manyan yatsu biyu su kwanta gefe guda suna nuna gaba. Kada babban yatsan hagu ya zagaya ta baya. Ƙarfen saman fistol yana dawowa baya da ƙarfi duk harbi, yana da kaifi a gefe, zai yanke shi. In libarba aka ba ka, haɗarin a gaba yake: tsakanin tulun da ke juyawa da bututu akwai 'yar tazara da wuta ke fita, yatsa ba ya zuwa wurin.

Saiti: ɗan tsinin gaba ya zauna tsakiyar tsagar baya, samansu a daidai, hasken dama da na hagu daidai. Idonka kan tsinin gaba zai tsaya, allon ya ɗan yi dishi-dishi, haka ake so. Kunama da tsokar gaɓar farko ta manuniya ake matsa ta, a hankali, kai tsaye zuwa baya. Ta Glock tana neman nauyin wajen kilo biyu da rabi. Bindigar kuwa ba ta kai kilo ɗaya ba ko da harsashi a ciki, ka ga in ka fizga dole bakinta ya kauce.

Sa allon a yadi 3, in ka ga ramukan sun taru ka kai shi 5, sannan 7. Layin yakan kai yadi 25, wannan ba na ranar farko ba ne. Harbin farko harsashi ɗaya tak za a sa, don in ka razana babu na biyu a ciki. Sannan uku, sannan biyar.

In kai na-dama ne ka ga ramuka suna taruwa ƙasa ta hagu, ba bindigar ba ce. Jikinka ne ke tarar shurin, yana danna bakinta ƙasa kafin harsashi ya fita. Maganinsa a cire harsashi gaba ɗaya, ka yi ta matsa kunama a fanko kana kallon tsinin gaba har ya daina motsi, sannan a mayar.

Abubuwa uku kan samu bindigar kanta. Na ɗaya, kwanso ya maƙale a tagar fita yana tsaye. Yawanci sakin wuyan hannu ke jawo shi, domin ƙarfen sama yana buƙatar hannu ya tsaya daram kafin ya kai ƙarshen tafiyarsa. Na biyu, ka matsa ka ji ƙyas babu harbi. Ci gaba da nuna ta gaba, ƙirga daƙiƙa 30, domin wani harsashin yana jinkirin tashi, kada ka juyo da ita kana leƙawa. Na uku shi ne mai haɗari: ƙara ta fito 'yar ƙarama, shuri kusan babu. Alama ce albarushin bai isa ba, kan harsashi ya tsaya cikin bututu. In ka sake harbi a bayansa bututun na iya fashewa a hannunka. Duk ukun abu ɗaya za ka yi, yatsa waje, baki gaba, ɗaga hannun hagu ka kira mai kula.

Kuma cire gidan harsashi ba ya nufin bindiga ta zama fanko, ɗaya na iya kasancewa a ɗane. Sai an ja ƙarfen sama baya an kulle shi an duba da ido. In wani abu ya faɗi gaban teburin, ta wajen allon harbi, bar shi. In bindigar ce ta suɓuce, bar ta ta faɗi, cafkar ta ne ke kai yatsa kan kunama.

Mazauniyar Texas

Yaya, maganar kaya da lafiya zan ƙara, musamman saboda Hajiya.

In tana da juna biyu kada ta shiga, ko kallo. Dalili biyu ne, dalma da ƙara. Ɗan maganin da ke gindin harsashi mai kunna albarushi yawanci da dalma ake haɗa shi, kan harsashin ma dalma ce, duk harbi ƙurarta na tashi a iska. Gida mai kyau iskarsa daga bayanka take busowa ta tura hayaƙin gaba. In kun shiga kun ga hayaƙi ya tsaya a ɗakin, ko kun ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, ku fita ku nemi wani gidan. Ba a ci, ba a sha, ba a tauna cingam ko goro a ciki. Da kun fito ku wanke hannu har gwiwar hannu da fuska, da sabulu da ruwan sanyi. A yi wannan kafin alwala, domin hannun nan ne zai kai ruwa baki da hanci. Kayan da kuka sa a wanke su daban, takalman kuma kada su shiga inda yaro ke rarrafe.

Ƙara kuwa, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa desibel 140 a matsayin iyakar ƙarar farat ɗaya, 9mm tana kaiwa wajen 160, a cikin gini kuma bango na dawo da ita. Jin da ya tafi ba ya dawowa. Ku haɗa biyu, toshiyar soso a ciki da marufi a sama. Sosan ana murza shi ya zama siriri, a ja kunne sama da baya da ɗaya hannun, a tura, a riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kumbura. In ana hango rabinsa a waje bai shiga ba. A jikin fakitin akwai lambar NRR, mai nuna yawan ƙarar da yake ragewa, ta soso mai kyau tana kaiwa 32 ko 33. Ana sawa ne tun kafin a buɗe ƙofar farko, ƙofofin biyu ne, kuma ba a buɗe ta biyu sai ta farko ta rufe.

Ga mai hijabi sosan dole ne, domin marufi in ya hau kan yadi ba ya kama fata, ƙara na shiga ta gefe. Ta sa soso tun a bayan gida na mata, ta ɗaura hijabin, marufi ya hau sama. Dogon hijabi mai rufe hannuwa ba zai yi ba, yana kama mariƙi kuma mai koyarwa ba ya ganin yatsunta. Ƙarami mai rufe wuya, a cusa bakinsa cikin riga, da riga mai matsattsen hannu. Awarwaro da manyan zobba a bar su a masauki.

Kai ma ban da babbar riga, ban da kaftani mai buɗaɗɗen wuya, ban da silifas. Kwanso da zafi yake fita, yana bugun katangar layi ya dawo kanka. In ya faɗa wuyan riga ko tsakanin yatsun ƙafa, ƙunar kaɗan ce, abin tsoro shi ne zaburar da mutum zai yi da bindiga a hannu. In ya faru, ajiye ta tukuna sannan ka kakkaɓe. Sa riga mai rufe wuya, takalmi sau-ciki, da hular hana-sallah, domin bakinta na hana kwanso faɗawa bayan tabarau. Tabaran likita kaɗai bai isa ba, karɓi nasu mai rufe gefe ka ɗora a kai.

Na Layin Bakwai

Ni ban ga laifin ya fara da 9mm kai tsaye ba in babbar bindiga ce mai nauyi kuma mai koyarwa na gefensa. Harsashin .22 ya fi yawan ƙin tashi, saboda maganin kunna shi a gefen gindin kwanso aka shafa, wani lokaci bai zagaye ko'ina ba. Sabon shiga yana samun ƙyas biyu uku sai ya rikice.

Inda nake so in ja kunne shi ne mai sarrafa kanta. Wasu gidajen suna ba da hayar MP5 ko AK-47 mai zubo harsashi, kuma ita suka fi tallatawa baƙi. MP5 tana fitar da wajen 800 a minti, wato gida mai 30 ya ƙare cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai. Ba ka koyi komai ba, kuɗi sun tafi. Sannan kowane harsashi yana ɗaga bakinta sama kafin na baya ya fita. A 2014 a Arizona wata yarinya 'yar shekara 9 aka ba Uzi, ita ma mai sarrafa kanta ce, bakin ya ɗaga ya kauce, harsashi ya sami mai koyar da ita ya mutu. In ka nace sai ka gwada, ya zama a ƙarshe, kafaɗa a manne, mai koyarwa da hannunsa a bayanka, kana sakin kunama bayan biyu ko uku.

Tsohon Maharbi

Gaskiyarka kan ƙin tashin .22, Malam. Amma ƙyas a gaban mai koyarwa darasi ne, a nan zai koyi jira da baki a gaba. Razanar da 9mm ke dasa wa mutum a harbin farko kuwa tana daɗewa ba ta fita ba, ita ce ke kai harsashi ƙasa ta hagu. Ko harsashi 20 ne ya fara yi da .22 ɗin.

Baƙon Houston

Na fahimta, Allah ya ƙara sani. Saura ɗaya: zan iya ɗaukar hoto, in kuma taho da takardar da na harba da kwanso ɗaya ko biyu na tunawa?

Mai Bin Ka'ida

Takardar ka naɗe ka taho da ita, ba komai. Kwanso kuwa bar musu. Kafin ku bar gidan ku zazzage aljihu, naɗin ƙafar wando, jakar Hajiya da ƙasan takalmi, kwanso na maƙalewa a tsagar roba. Harsashin .22 da bai tashi ba ɗan mitsitsi ne, yana iya kwana a aljihu ba ka sani ba, kuma a jakar hannu laifi ne tun a filin jirgin Houston. In jirginku zai yada zango a Dubai abin ya fi tsanani, hukumominsu suna kama mutum a kan harsashi ɗaya, har wanda aka riga aka harba. A gida ma dokar makamai ta Najeriya ta hana riƙe harsashi ba lasisi. Mafi sauƙi, jakar da za ta hau jirgi kada ta je gidan harbi.

Hoto sai ka tambaye su, wasu sun yarda wasu sun hana, kuma ba a ɗaukar fuskar wasu. Wanda zai ɗauka a baya ko a gefe yake tsayawa, bindiga na kallon allo, yatsa a waje. Sa shi a Facebook kuma ka yi tunani. Tun 2019 takardar neman bizar Amurka tana tambayar sunayen shafukan sada zumuntarka na shekara biyar, hoton kuma shaida ce cewa ka riƙe bindiga a ranar. Don haka ka adana kwafin lasisin farautar da rasiɗin gidan harbin wuri ɗaya, masu nuna kwanan wata, ko bayan lasisin ya ƙare.